Gawar Kashi na Farko

Yayana mai gyaran fanka ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin mutumin da ya iya zama wuri ɗaya kamarsa ba. Muna yara, in aka yi wasan ɓuya, shi ba a samunsa. Ba wani maɓoya ya sani ba, bayan ƙofa kawai yake tsayawa, ka zo ka leƙa ka wuce, don babu motsi babu numfashi. Akwai ranar da muka gaji da nema muka je muka ci abinci muka manta da shi, sai da Inna ta je rufe ƙofa ta tarar da mutum a tsaye, ta kwarma salati har maƙwabta suka fito. Shekararsa tara lokacin.

Da wannan halin ya girma. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa uku, daura da inda motocin haya suke tsayawa. Ɗan lungu ne wanda mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki, fankoki a rataye babu keji, wayar tagulla a nannaɗe, ga warin ƙonannen inji da ya kama bango. In ka kawo masa fanka ba ya tambayarka abin da ya same ta. Sai ya jona ta, ya kara kunne, ya yi shiru har ka fara zaton barci ya ɗauke shi, sannan ya ce, "Jibi." Matarsa takan ce ita da fanka aka haɗa su kishi, kuma fankar ta fi ta samun hira.

Ni malamar firamare ce, kuma bakin da aka hana shi ni aka ba. Inna a wurina take tun rasuwar Baba, a hawa na biyu na wannan benen, ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Shekaru uku kafin abin da zan faɗa, kanta ya fara ruɗewa. Ta sa silifa a firji, ta nemi tabarau yana fuskarta, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban shiga makaranta ba. Ni mai yi mata wanka, ni mai wanke mata kaya, ni ce take duba ta ce, "Ke 'yar wace ce?" Shi kuwa ko tarinsa ta jiyo a matakala sai ta gyara zama ta ce, "Ga shi nan." Ba zan ɓoye ba, abin yana cin raina. Kowace safiya kafin ya buɗe shago sai ya hawo, ya ba ta magani, ya zauna ya ba ta abin kari a baki, cokali ɗaya bayan ɗaya, ba ya ce mata komai ita ma ba ta cewa. Haka suke hirarsu.

Sai 'yan fim suka kama wani gida da ba kowa a hawa na uku, can saman shagonsa, za su ɗauki wani shiri na 'yan sanda mai dogon zango. Rana ta biyu fankarsu ta tsaya, ga zafi ga fitilu, aka sauko aka kira shi. Ya gyara, aka ce ya dakata a gwada in an gama ɗauka, ya sami bango ya jingina. Ashe wanda suka ɗauko ya yi gawa ya addabe su. In bai ƙifta ido ba ya haɗiye yawu, in bai haɗiye yawu ba ciki ya ɗaga. Sau goma sha ɗaya ana yi ana sakewa. Darakta ya juya zai yi masifa, idonsa ya faɗa kan Yaya a jikin bango, ya zabura har ya taka wayar fitila.

"Wannan mutum ne?"

Aka ce mai fanka ne.

"Malam, za ka iya mutuwa?"

Yaya ya ce, "Ai kowa zai iya."

Suka kwantar da shi a kwanar matakala, kai a ƙasa ƙafa a sama. Suka shafa masa hoda mai toka-toka, suka zuba jan ruwa a ƙirjin riga, suka cire masa takalmi ɗaya, suka damƙa masa wani makulli a hannu. Daga baya na tambaye shi yadda ya yi, kuma ranar ce ya yi mini magana mafi tsawo a rayuwarsa. Ya ce ba riƙe numfashi ake yi ba, mai riƙewa shi ke fashewa. Numfashin ake mayarwa baya, ya riƙa shiga ta gadon baya inda kyamara ba ta gani. Ido kuma ba a rufewa ba a buɗewa, sai ka sami tsaga ɗaya a silin ka ba ta amanarsa. Sauran kuwa, in ji shi, ka saurari jikinka kamar fankar da aka kashe, tana juyawa tana ragewa har ta tsaya. Ƙuda ya sauka a gefen idonsa ya yi yawo ya tashi, ko gezau.

Ana tsakiyar ɗauka, matar da ke fitowa a matsayin Sufeto ta durƙusa kansa, sai waya ta fara ƙara a aljihunsa. Tasa ce, ya manta bai kashe ba. Matar nan da wayo, ba ta tashi ba, ta zuba wa aljihun ido har wayar ta gaji ta yi shiru. Darakta ya yi tsalle ya ce ko shi bai isa ya rubuta wannan ba, a bar shi haka. Da Yaya ya tashi ya duba, Inna ce. Ya kira ta, ta ce ba ta san abin da ya sa ta kira ba.

Bayan wata biyar aka sa ranar fara nunawa, Asabar, ƙarfe biyar na yamma. Nan ne na yi abin da har gobe ban yafe wa kaina ba. Na ce kada a gaya wa Inna, a bari ta gan shi kwatsam a talabijin ta ji daɗi. Yaya ya dube ni ya ce, "Anya?" Na ce kai dai ka fiye tsoro, wace uwa ce ba ta son ganin ɗanta a talabijin? Ya yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda, kamar yadda muka saba yi masa duk gidan. Shi maƙwabtan shago sun riƙe shi, sun fito da talabijin bakin titi za su kalla tare. Ni na zaunar da Inna a kujerarta, na goge mata tabarau, na ƙara sauti.

Kyamara ta fara daga ƙafar da ba takalmi. Ta hau a hankali, gwiwa, hannu da makulli, jan riga, sannan fuska. Ni da na san komai sai da tsigar jikina ta tashi, don wannan ba yayana ba ne yana kwaikwayo, wani abu ne da aka bari a matakala. Na juya ina dariyar dole ina cewa, "Inna, kin gane ko waye?" Sai wayar ta fara ƙara, ƙarar nan tasa da duk gidan muka sani shekara da shekaru.

Inna ta ɗaga yatsa. Ta ce, "Ni ce."

"Ke ce wa, Inna?"

"Ni ce nake kiransa. Ranar nan na kira, na kira, bai ɗaga ba. Ashe yana nan kwance."

Matar da ba ta san abin da ta ci da rana ba, ita ce ta tuna kiran wata biyar. Na durƙusa ina rantse-rantse, wasa ne, hoda ce, jan ruwa ne, yanzu zai zo ki gan shi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dubi talabijin ta ce a hankali, "Ku rufe masa ƙafa mana."

Na kira shi, ya taho a guje. Muka ji tarinsa a matakala, na ga kanta ya ɗago kamar kullum, na ce alhamdulillahi. Ya shigo yana haki. Ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta ja mayafi ta rufe kai, irin yadda take yi wa baƙon namiji.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Har ka ji?"

"Inna, ni ne."

"Kana kama da shi kam. Amma shi an kashe shi. Da idona na gani."

Ya miƙa hannu zai taɓa ta, ta janye ƙafa. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba.

Likita ya ce abin yana faruwa, ƙwaƙwalwa irin tata takan kama abu ɗaya ta ƙi saki, kada mu yi mata gardama don gardama ƙara ɗaure shi take yi. Muka gwada duk da haka. Muka kawo hotunan aurensa, muka kawo 'ya'yansa mata biyu suka tsaya suna cewa ga Abba, ta shafa kansu ta ce Allah ya raya marayu. Abinci ya dawo hannuna, tana ci da ƙyar tana harara. Shi kuma bai fasa zuwa ba. Kowace safiya ya hawo, ta ji tarin ta ɗago, ya shigo ta ja mayafi. Ya zauna a kujerar baƙi minti goma, ta yi masa godiyar zumunci, ya sauka ya buɗe shago.

A titi kuwa sunansa ya koma Marigayi. "Marigayi, fankata ta samu?" "Marigayi, wai wa ya kashe ka ne? Gaya mana, ba za mu faɗa ba." Wasa ne, na sani, amma wasan ya yi yawa. Wata mata ta sauka daga mota saboda kawai ya zauna kusa da ita. Mai shagon kusa ya ce in ya waiwaya ya gan shi zaune sai ya ji ba daɗi, har ya sa labule tsakaninsu. Ni ma akwai ranar da na biya da rana tsaka na tarar da fankoki shida suna juyawa a kansa, shi yana zaune ido a silin, rigarsa kaɗai ke motsi. Sau uku na kira shi kafin ya amsa. Na zazzaga masa masifa ranar, don tsoro ya ba ni.

Inna, da ba ta san Litinin ba ta san Laraba ba, ta san Asabar. Tun ƙarfe huɗu take sa a juya mata kujera. A ofishin Sufeto akwai wani babban allo da ake manna hotuna, kuma hoton gawar Yaya yana can sama ta hagu. Duk lokacin da kyamara ta gifta sai Inna ta ce, "Ga shi can." In Sufeto ta fito sai ta matso da kai ta ce, "'Yata, ina aka kwana a maganar yaron nan?" Sufeto kuwa ta tafi wata sabga. Yau motar da aka sace, gobe mai kantin magani da aka sa wa guba, jibi gobarar da ba gobara ba. Kowace sai an kama mai laifi kafin ƙarfe shida, an sa masa ankwa, ya yi bayani dalla-dalla kamar ɗalibin da ya yi bita. Ta Yaya ce kaɗai ba a waiwaya ba.

Ni aikina ke nan, in yaro ya bar tambaya ba amsa in zagaye ta da jan biro. Na buɗe bayan littafin darasi na jera su. Makullin wace ƙofa ne? Ina ɗaya takalmin? Wa ya kashe shi, kuma me ya yi? A ɗakin malamai har faɗa ake yi a kan wanda ya kira wayar, wani ya ce matar gawar ce, wani ya ce shugaban 'yan sandan ne da kansa, ni ina zaune da amsar a bakina ba halin faɗa. Kowa ya yarda sai a ƙarshe za a warware, wai gawar farko ita ce ginshiƙin shirin. Ni ma na yarda. Na sa a raina cewa ranar da aka kama mutumin, ko Inna ta huce, ko ma ƙullin ya kwance gaba ɗaya ta dubi Yaya ta gane shi.

A kashi na tara aka manna wani hoto ya rufe rabin nasa. A na goma sha bakwai saura kunne da hannun makulli. Inna ta riƙa cewa, "Suna binne shi." A kashi na ashirin da shida, na ƙarshe, Sufeto ta kama wani babban ɗan kasuwa da ba ruwansa da matakala, aka yi mata ƙarin girma, ta kwashe hotunan allon duka ta zuba a kwali ba ta ko duba ba, ta kashe fitila ta ja ƙofa. Sunayen 'yan wasa suka fara hawa.

Inna ta jira har aka fara tallan sabulu. Sannan ta ce, "Sun manta da shi." Ta cire tabarau ta miƙo mini. Daga wannan yammacin ta rufe baki, ba abinci, ba magani, ruwa ma sai dai in jiƙa mata leɓe da auduga. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Abu ɗaya take cewa: "Ta yaya zan ci, wanda ya kashe mini ɗa yana yawo?" Likita ya zo ya duba ya ce jikinta ba shi da ajiyar da zai ɗauki wannan, in ta kai kwana huɗu sai asibiti da roba ta hanci, kuma a yadda take ba ya jin za ta fito.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta, na ja Yaya muka tafi ofishin kamfanin. Hawa na huɗu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rana tar, amma doguwar barandar shiru kamar an yi shara da mutanen. Ƙofofi a buɗe, tebura ba kujeru. A ɗaki na ƙarshe muka sami wata mata mai ajiyar kayan wasa tana ɗaure kwalaye. Ta ɗago ta ga Yaya a bakin ƙofa, almakashi ya suɓuce mata.

"Wayyo! Malam, ka riƙa sallama da ƙarfi mana."

Na yi mata bayani. Ta hau kujera ta sauko da wani ƙaramin kwali da aka rubuta wa "Gawa ta 1". Rigar tana ciki, jan ya bushe ya koma baƙi-baƙi ya sandare. Ga makullin. Na ce na wace ƙofa ne? Ta nuna ƙofar da muka shigo ta ciki, ta ce na wannan ɗakin ne, darakta ya ce a sa wa gawa wani abu a hannu, shi ne abin da ke aljihunta. Takalmin fa? Ta ce tambarin kamfani ne a ƙasansa, kyamara na kamawa, aka cire. Na tsaya ina kallonta. Wata shida mutane suna fasa kai a kan aljihun matar nan. Yaya kuwa rigar yake kallo, ya sa yatsa ya taɓa inda ya sandare, ya janye.

Ita ta kwatanta mana inda marubucin shirin yake. Mun same shi a wani ɗan ofis bayan gidan buga takardu, yana rubuta tallan man shafawa. Ya gane Yaya nan take, ya yi dariya ya ce, "A'a, gawarmu!" Da ya ji abin da ya kawo mu dariyar ta ɗauke. Ya ce su uku suka rubuta shirin. Na farkon, wani dattijo, shi ya rubuta gawar matakala, kuma ba ya gaya wa kowa inda labari zai dosa, a kansa yake ajiyewa. Ana ɗaukar kashi na biyar ya kwanta ciwo, kwana uku ya rasu. Suka bincike takardunsa kaf, abin da suka samu layi ɗaya ne: a koma kan mutumin matakala. Su kuma kowane mako suna cewa mako mai zuwa, har kamfani ya ce a rufe.

"To wa ya kashe shi?" in ji ni.

"Malama, wallahi ban sani ba. Wanda ya sani yana ƙasa. Ki zaɓi duk wanda kike so a cikin shirin, ni na amince."

Nan na manta da tarbiyya. Na ce kun kashe mutum a gaban duniya kun tafi tallan man shafawa? Ɗalibina ɗan aji uku in ya buɗe labari ya san sai ya rufe! Na ce su ɗauki ko minti biyu ne, Sufeto ta kama wani, mu nuna wa tsohuwa. Ya ce an rushe ofishin Sufeto, itacen ma an sayar, ita kuma matar ta bar ƙasar tun watan jiya. Yana ba ni haƙuri, amma idonsa na kan Yaya, wanda tun shigarmu bai ce uffan ba. A ƙarshe ya ce, "Malam, don Allah ka ɗan motsa."

Da muka dawo na gwada tawa dabarar. Na shiga da fara'a na ce, Inna albishir, an kama shi, wani direba ne, yana hannun hukuma. Ta buɗe ido ɗaya.

"Kawo shi."

"Ai yana tsare, Inna."

"Da idona na ga gawa. Da idona zan ga wanda ya yi. Ba na son labari."

Ta juya fuska bango. Ranar Talata muryarta ta fara shaƙewa, fatar hannunta in ka ja sai ta tsaya a tsaye. Na haɗa mata jakar asibiti na ɓoye bayan ƙofa.

Laraba da safe, ƙarfe bakwai, na ji tarin a matakala. Ina tsaye da tire a hannu, shayi da ɗan abinci mai ruwa, don dai kada a ce ban kawo ba. Yaya ya shigo. Bai je kujerar baƙi ba. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa daf da ƙofa, ya haɗa gwiwa, ya sunkuyar da kai. Sannan ya kira ta da sunan da bai taɓa kiranta da shi ba.

"Mama."

Ta juyo da ƙyar.

"Ni ne."

"Kai ne wa?"

"Ni na kashe shi."

Na buɗe baki, ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, na rufe. Inna ta dafa katifa ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ba ta ja mayafi ba. Ta ƙare masa kallo.

"Na sani," in ji ta. "Tun tuni na sani. Mai ta'aziyya ba ya zuwa kullum."

Sai ta tambaye shi:

"Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba."

"Haka yake. Ba ya yi wa kowa komai." Ta lashi leɓe. "Ya sha wuya?"

"A'a. Kwanciya kawai ya yi."

"Ya yi magana?"

Ya ce, "Ya ce a gaya wa Inna ta ci abinci, kada ta zauna da yunwa."

"Ƙarya kake yi. Shi ba ya doguwar magana haka."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya ce, "Cewa ya yi, Inna."

"Wannan kam shi ne."

Sai ta fashe. Kukan da ta riƙe wata shida ya zo gaba ɗaya, kuka mai sauti, tana kiran sunansa tana dukan katifa, shi kuma mai sunan yana zaune taku uku daga gare ta ba halin amsawa. Ni ma kukan nake yi, na haushi da na tausayi, ban san wanda ya fi ba. Da ta lafa na matsa da tire na ɗebo cokali. Ta kawar da kai.

"Ba ke ba. Shi." Ta nuna shi da haɓa. "Kai ka raba ni da mai ba ni, kai za ka ɗauki aikinsa. Kullum. Hukuncinka ke nan a wurina."

Ya taso ya karɓi cokalin. Ta ci rabin faranti ranar, ta sha magani.

Wata goma sha huɗu ta ƙara a duniya. Kowace safiya ya hawo ya zauna a bakin gado ya ba ta, tana ci tana kallon fuskarsa ba ƙiftawa. Ba ta sake kiransa bawan Allah ba, ba ta kuma kira shi da wani suna ba, "kai" ne kawai. In maƙwabciya ta shigo takan nuna shi ta ce, "Wannan ne ya kashe mini ɗa," kamar mai gabatar da suruki, shi kuma ya gaishe da baƙuwar. Wani lokaci ta ba shi labarin yaron, yadda yake da haƙuri, yadda bai taɓa ɗaga mata murya ba, don dai ya san abin da ya ɓarar. Ya ce, "Allah sarki." Na taɓa tare shi a matakala na ce, Yaya, kai wannan bai dame ka ba? Ya ce, "Tana ci."

Safiyar da za ta rasu ta karɓi cokali biyu ta ɗaga hannu. Ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, ta ce, "Ka yi ƙoƙari. Ni dai na yafe maka. Saura shi. In na je zan neme shi in gaya masa ka kula da ni, ina jin zai haƙura."

Ya ce, "Na gode, Mama."

Kafin azahar ta cika. Mutane suna ta ce mini ta huta, ta je ta tarar da nata, ni kuma sai in ce amin in kawar da kai. Don na san da abin da ta tafi. Ta tafi da saƙo a baki tana neman ɗanta a can, ɗan kuwa yana nan ƙarƙashin matakala, ya kara kunne a jikin fankar wani.